Ƙusoshin da Suka Ƙi Yin Tsatsa

Masu iya magana suka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wanda ya fara faɗin wannan magana, na tabbata bai haɗa uwa da autanmu ba.

Autanmu mutum ne da tun yana rarrafe bai taɓa cewa "ban sani ba" ba. Ka ce masa an yi haɗari a titi, ya riga ya sani. Ka ce matar maƙwabci ta haihu, ya riga ya sani, har ya san namiji ne, ko da mace aka haifa. Da ƙyar da jiɓin goshi ya gama karatun kimiyya, ya dawo gidan Ummanmu da mata da 'ya'ya biyu, ya zauna jiran aikin da ya kai girman ƙwaƙwalwarsa. Aikin bai zo ba. Shekara ta zagayo, wata ta bi bayanta, yana nan yana gyara wa masu wucewa ra'ayi.

Ni kuwa lissafi nake koyarwa a wata sakandare, na daɗe a wurin, ana ganin mutuncina. Wannan mutuncin Umma ta hango. Ta kira ni ta zaunar.

"Ke ce babba," ta ce. "In ba ki riƙe shi ba, wa zai riƙe shi?"

Haka na je na durƙusa wa Shugabar makarantarmu, na yi ta zuba wa Auta kirarin da bai cancanta ba. Shugaba mace ce mai tabarau a kan hanci, ba ta dariya sai da dalili. Ta saurare ni har na gaji.

"Zango ɗaya zan gwada shi," ta ce. "A ƙarshen zangon sufeton makarantu zai zo, iyayen yara ma za su zo, zai koyar a gabansu. In ya yi kyau a tabbatar masa da aikin. In bai yi ba ya kama gabansa. Kuma ke kika tsaya masa, ki riƙe wannan."

"Na riƙe, ranki ya daɗe."

Ranar da ya fara, ya zo da farar rigar masu gwaje-gwaje har idon sawu, aljihun cike da biro kala-kala. Kafin mako ya fita yara sun raɗa masa suna Malam Na-Riga-Na-Sani. Da ya ji, daɗi ya ji. Wai yara sun gane shi.

Darasin da ya zaɓa don ranar sufeto shi ne gwajin adalci, kuma ba wani abin tayar da hankali ba ne. Kana son ka san ko gishiri na sa ƙarfe saurin yin tsatsa? Ka sami ƙusoshi iri ɗaya da kwalabe iri ɗaya, ka ajiye su wuri ɗaya. Kwalba ɗaya babu ruwa, ɗaya ruwa zalla, ɗaya ruwan gishiri. Kullum yara su leƙa su rubuta abin da suka gani, a ƙarshe su zana giraf, wato zanen layuka mai nuna yawan tsatsar kowace rana, su karanta abin da ya faɗa. Ko malamin da ke gyangyaɗi a aji zai iya wannan. Amma Auta ya tsaya a tsakiyar ɗakin malamai ya sanar cewa darasin da zai yi, sai an riƙa kawo malamai daga wasu makarantu suna kallon bangon ajinsa.

"Bango kuma?" in ji malamin tarihi.

"Za ka gani. Kai da ka saba da abin da ya wuce, bari ka ga abin da zai zo."

Ajina na manne da nasa, don haka duk safiya sai na sha waƙarsa ta cikin bango.

"Abu nawa ake canzawa?"

"Ɗaya!"

"Sauran fa?"

"A bar su yadda suke!"

In faɗi gaskiya, wannan ɓangaren ya iya shi. Auta bai taɓa samun matsala da faɗin doka ba.

Tunda ni ke rage masa hanya a motata, tare muka tsaya a shagon kayan gini don sayen ƙusoshi. Mai shago ya tambaye shi wace iri yake so.

"Na kwalba biyu ba ni kowace iri," in ji Auta. "Na kwalbar gishiri kuwa ba ni manya, masu ƙyalli, waɗanda na ƙarshen aji zai hango. Ita ce tauraruwar taron."

Mai shago ya zuba masa ƙananan baƙaƙen ƙusoshin katako, sannan ya ɗebo ƙusoshin rufin kwano, masu hula, sai walƙiya suke yi.

Na ce, "Auta, waɗannan na rufi ne. Riga aka yi musu musamman don su shekara ruwan sama na dukansu ba su yi tsatsa ba. Kuma ba kai ke cewa iri ɗaya ba?"

"Yaya, ƙusa ƙusa ce. Ke da lissafi, ni da kimiyya. Na taɓa shigo miki aji na ce biyu sau biyu biyar ne?"

"Ba ka taɓa ba, amma na san za ka iya."

Mai shago ya sunkuyar da kai yana ƙulle leda, kafaɗunsa na rawa.

Washegari warin fenti ya iso ajina kafin waƙar ta iso. Na leƙa. Ga Auta a kan tebur, goga a hannu, gwangwanayen fentin mai a gefe, yana zana giraf a jikin bango daga wannan kusurwa zuwa waccan. Kwalaben kuwa suna can kan kantar ajin, ko ruwa ba a zuba musu ba.

"Me kake zanawa?"

"Sakamako."

"Na gwajin da ba a fara ba?"

"Yaya, wanda ya san gari ba ya tambayar hanya. Na riga na sani."

Na tsaya ina kallon abin, zuciyar malamar lissafi na tafasa. Layin kwance na kwanaki ne, amma tazararsu ba ɗaya ba. Da ya iso makunnin fitila sai ya tsallake shi, kwanakin ƙarshe suka cunkushe a lungu kamar fasinjojin motar haya. Layin tsaye na yawan tsatsa ne, babu lamba ko ɗaya. Daga ƙasa ya rubuta "babu", sai "kaɗan", sai "ba laifi", sai "sosai", can sama kuma "sai addu'a". Baƙin layi na busasshiyar kwalba yana kwance a ƙasa. Kore na ruwa zalla yana hawa a hankali. Ja na gishiri kuwa ya miƙe sama, ya wuce "sai addu'a", bango ya ƙare masa, ya ci gaba a jikin silin.

"Auta, yara ke zana wannan, a takarda, bayan sun gani da idonsu. Ko ka matsu ai da alli ake yi."

"Alli na masu shakka ne."

Na koma ajina na ba yara aikin da ya fi ƙarfinsu, don dai in huce.

Aka fara gwaji. Busasshiyar kwalba ya ɗora ta a kan taga, babu murfi, wai ta sha iska ta ƙara bushewa. A ƙarshen mako aka kwana ana ruwa da iska. Da aka dawo, ƙusoshin cikinta sun yi jawur. Na ruwa zalla ma sun kama tsatsa yadda Allah ya tsara musu. Na gishiri kuwa, taurarin taron, suna kwance a ƙasan kwalba suna ƙyalli kamar haƙoran mai tallan man goge baki.

Yara suka rubuta abin da suka gani, kamar yadda ya koya musu. Suka ɗaga kai suka kalli bango, suka sake kallon kwalba. Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu.

"Malam, bangon da kwalbar ba su yi daidai ba."

"Ku ba kwalbar lokaci, za ta kamo."

Ba ta kamo ba. Auta ya yanke hukunci cewa gishirin ne bai ji ba. Ya ƙara cokali. Ya ƙara ludayi. Ya ƙara har gishirin ya daina narkewa, ya taru a ƙasa, ƙusoshin suka kwanta a kansa kamar an shimfiɗa musu katifa.

Ana nan sai ga matarsa ta zo gidana, ranta a ɓace.

"Yaya, don Allah ki yi wa ƙanenki magana. Mun kwana biyu muna cin lami. Na sayo gishiri ya kwashe, na ɓoye a cikin akwati ya tono, na aro a maƙwabta ya bi ya ɗauke. Jiya maƙwabciyarmu ta tambaye ni ko fatu muka fara shanyawa."

"Me ya ce da kika yi magana?"

"Wai in yi haƙuri, matan manyan masana duk haka suka sha."

Na ba ta gishiri a gwangwanin madara, na ce ta rubuta "sabulu" a jiki.

Daga gishiri ya koma zafi. Wai ƙusoshin sanyi ne ya kama su. Da aka fita hutun tara ya juye kwalbar duka, ruwa da ƙusa da katifarsu, a cikin butar dafa shayin malamai, ya jona wuta ya tafasa. Littafin da ke kan teburinsa ya faɗa ɓaro-ɓaro cewa tsatsa sai da iska, kuma tafasa ruwa korar iska yake yi, amma Auta da littafi gaisuwa ce kawai. Ya mayar da kayansa kwalba, ya ajiye butar a inda ya ɗauke ta, ko ɗauraya bai yi ba.

Shugaba ce ta fara haɗa shayi a ranar. Ta kurɓa. Ta tsaya cak. Ta haɗiye da ƙyar saboda girma. Malamin tarihi bai da wannan girman, ya fesar da nasa a kan takardun jarrabawar yara.

"Wa ya juye mana teku a buta?" in ji shi.

"Gishiri na da amfani ga jiki," in ji Auta, yana gyara wuyan farar rigarsa. "Musamman ga masu yawan magana a kan matattu."

Shugaba ta sauke tabarau a hankali. Ba shi ta kalla ba, ni ta kalla.

Auta bai daddara ba. Ya rufe kwalbar gam, ya ɗiga kakin kyandir a bakin murfin, wai kada ƙarfin gishirin ya tsere. Ya naɗe ta da tsohuwar safa. Ya fitar da ita rana. Ya mayar da ita inuwa. Wata rana mai shara ta same shi ya sunkuya yana yi wa kwalbar magana ƙasa-ƙasa, ta ajiye tsintsiya ta fita da baya.

Yaran dai ba su manta waƙarsu ba. Ina ji ta bango yarinyar nan ta sake ɗaga murya.

"Malam, ba abu ɗaya ake canzawa ba?"

"Abu ɗaya nake canzawa mana! Shekaranjiya gishiri, jiya zafi, yau murfi. Kun taɓa ganin na canza biyu a rana ɗaya?"

"A'a, Malam."

"To ku rubuta."

Suka rubuta. Wallahi wannan ya fi komai ci mini rai.

Ana gobe sufeto zai zo, na tsayar da mota a gefen titi na kashe ta.

"Auta, saurare ni, ba da wasa nake ba. Gobe ka tsaya ka faɗi gaskiya. Ka ce wa yara ga gwajin da na ɓata, ku nuna mini inda na ɓata shi. Sun sani, za su lissafa maka tas, sufeto zai ga sun koyi abin. Yanzu mu sayi farin fenti, ni da hannuna zan taya ka shafe bangon."

"In shafe? Yaya, giraf ɗin daidai yake. Ƙusoshin ne suka yi kuskure."

"Ka tuna da Umma. Ka tuna da 'ya'yanka. Ka tuna ni na durƙusa aka ɗauke ka."

Ya sunkuyar da kai. Na ce a raina alhamdulillahi, yau magana ta shiga. Don in ƙarasa sai na ce, "Ka haƙura, tsatsa ba a aro ta."

Ya juyo ya dube ni, idanunsa suka kawo haske.

"Yaya, Allah ya yi miki albarka. Tada mota."

Da na san abin da bakina ya jawo, da na cije harshena.

Ranar taro bai jira ni ba, da sassafe ya tafi. Ina isowa na gan shi yana fitowa daga ajinsa, gumi ya jiƙa shi, filaya ta leƙo daga aljihun farar riga. Na shiga. Kwalbar gishiri ta cika da ƙusoshi jajaye, masu ɓawon tsatsa, wasu a lanƙwashe. Ruwan ya koma kalar shayi.

"Daga ina?"

"Kimiyya ba ta tambayar asali, Yaya. Sakamako take tambaya."

Ban sami damar shaƙe shi ba, baƙi sun fara shigowa. Iyaye suka cika kujeru, wasu suka jingina da bango, wasu suka leƙo ta taga. Shugaba ta shigo da sufeto, wani ƙaton mutum mai faɗin kafaɗa da ɗan ƙaramin littafi, tare da shugaban ƙungiyar iyaye, dattijo siriri mai sanda. Da ta ga babu sauran kujera, ta sa aka ɗauko dogon shuɗin bencin da ke ƙarshen aji aka kawo gaba.

Nan na ga fuskar Auta ta sauya.

"Ranki ya daɗe, da an nemo kujeru. Manyan baƙi a benci..."

"Kujerun na wajen iyaye. Fara darasinka."

Su uku suka zauna. Benci ya ce ƙiii. Na kalli bencin, na kalli filayar da ke aljihun ƙanena, na gane inda ƙusoshin suka fito. Na nufi Shugaba zan raɗa mata, ta ɗaga mini hannu alamar in tsaya inda nake.

"Abu nawa ake canzawa?" Auta ya daka tsawa.

"Ɗaya!"

"Sauran fa?"

"A bar su yadda suke!"

Iyaye suka yi ta gyaɗa kai. Sufeto ya rubuta wani abu, har da ɗan murmushi. Auta ya samu iska. Ya yi ta kai da kawo, rigar na tashi a bayansa, yana bayanin yadda gishiri ke cin ƙarfe kamar shi ya haɗa su faɗa. Duk sanda sufeto ya gyara zama, benci sai ya amsa.

Can sufeto ya miƙe. Benci ya sauke ajiyar zuciya, ni ma haka.

"Madalla. Bari in ji ko yaran sun iya karanta giraf. Yara, a ranar ƙarshe jan layin nan ina ya kai?"

Aji duka ya ɗaga kai sama. Iyaye ma suka ɗaga.

"Silin!"

"Silin nawa ne a ma'auninku, Malam?"

"Ya ɗan wuce sai addu'a, ranka ya daɗe."

"Na gani. Me ya sa kwanakin farko suke da faɗi, na ƙarshe suka matse?"

"Lokaci na sauri in ya zo ƙarshe, ranka ya daɗe. Kowa ya san wannan."

Dattijo mai sanda ya ce, "Wannan kam gaskiya ne." Shi kaɗai Auta ya samu a ranar.

Sufeto ya shafa bangon da yatsa. "Fentin ya bushe sosai. Yara, yaushe aka zana wannan?"

"Kafin a fara!"

"Hangen nesa ke nan," in ji Auta da sauri.

"To. Baƙin layin nan ya ce busasshiyar kwalba babu tsatsa. Wannan jan abin da ke cikinta fa?"

"Ruwan sama ne ya yi mana katsalandan. Ba ya cikin tsari, don haka ba mu lissafa da shi ba."

Wata uwa daga baya ta ce, "Ikon Allah." Wani ya yi tari irin na mai danne dariya. Shugaba ta cire tabarau tana gogewa, abin da take yi ke nan in tana ƙirga laifin mutum.

Sufeto ya isa ga tauraruwar taron. Ya nemi cokali ya tsamo ƙusa ɗaya, ya ɗaga ta a haske. A lanƙwashe take kamar ƙugiya, ga ɗan guntun katako maƙale da ita, ga shuɗin fenti a kanta.

"Yara, waɗannan kuka sa a ciki?"

"A'a! Namu farare ne masu hula!"

"Gishirin ya cinye hular," in ji Auta. "Ya kuma lanƙwasa su. Ƙarfinsa ke nan."

"Shuɗin fa?"

"Matakin tsatsa na ƙarshe ne, ranka ya daɗe. Ba kowane malami ke kaiwa nan ba."

Sufeto ya mayar da ƙusar cikin kwalba. Ya ajiye cokali, ya buɗe ɗan littafinsa, ya ja da baya yana rubutu, ya saki nauyinsa duka a kan benci.

Benci bai ce ƙiii ba wannan karon. Ƙafafunsa huɗu kowace ta kama gabanta. Sufeto ya tafi da baya, takalma a sama, biro na hannunsa. Shugaba ta zame ta sauka a kan cinyar wata uwa da ke bayanta. Dattijo mai sanda, da yake ba shi da nauyi, sai da katakon ya ɗan cilla shi kafin ya dire a zaune, yana ta salati. Kwalbar gishiri da sufeto ya bari a bakin tebur ta ga babu amfanin zama ita kaɗai, ta biyo su.



Ku ji fa, har a wannan lokacin akwai sauran mafita. Bencin tsoho ne. Da Auta ya rufe bakinsa ya ruga ya ɗaga mutane, da an ce tsufa ne, da an ce tsautsayi ne, da sufeto ya tafi da zarginsa a ciki. Ina ta yi masa alama da ido, ina girgiza kai har ɗankwalina ya kusa faɗuwa. Amma Auta ba zai ga sakamako a ƙasa ya bar wani ya ɗauka ba. Na ga ƙirjinsa na tasowa. Na ce shi ke nan, ta faru ta ƙare.

"Yara! Kun gani da idonku? Jiya ba a zauna a bencin nan ba?"

"An zauna!"

"Ya faɗi?"

"A'a!"

"Benci ɗaya, aji ɗaya, zama iri ɗaya. Abu nawa na canza?"

"Ɗaya!"

"Mene ne shi?"

"Ƙusa!"

"To wannan shi ne gwajin adalci! Ku tafa!"

Kuma wasu suka tafa. Har da iyaye biyu da ke waje, waɗanda ba su ga abin da ya faru ba. Ni kuwa, da yake Allah ya jarrabe ni da lissafi, abin da ya zo mini a rai shi ne ko wannan ɗin ma ƙarya ne, domin jiya yara ne suka zauna, yau kuwa sufeto.

Daga ƙasa sufeto ya ce, cikin murya mai sanyi, "A ɗaga ni."

Maza huɗu suka ɗaga shi.

A ofishin Shugaba ba a daɗe ba. Tabaraunta ya karye a gefe ɗaya, tana riƙe da shi da hannu.

"Kai, cire rigar nan ka ajiye, ta makaranta ce, a ɗakin gwaje-gwaje ka ɗauka. Ka kama gabanka." Ta juyo gare ni. "Ke kuma ajinsa naki ne har a sami wani. Kuma daga yau ko mai shara kada ki sake kawo mini."

"Ranki ya daɗe," in ji Auta, "in kina son bayanin abin da ya sa tabaraun ya karye ta nan ba ta can ba..."

Na ja shi waje da wuyan riga.

Muka kama hanyar gida a mota. Kunya nake ji irin wadda ban taɓa ji ba, mutuncin da na shekara ina tarawa ya bi bencin. Amma abin da ya fi kunyar nauyi shi ne Umma, domin na san tun safe take zaune tana jira.

Muka same ta a tsakar gida, ta yi kwalliya, jikokinta na wasa a gefenta. Auta ya riga ni shiga.

"Umma, na gwada makarantar nan zango guda, ba ta ci jarrabawa ba. Bencinsu ma ba ya ɗaukar mutum. Na bar musu kayansu."

Umma ta dube shi ta ce, "Sannu da ƙoƙari. Je ka ka huta."

Sai da ya shige ɗaki ta juyo gare ni. Uwa ce, ta fi kowa sanin abin da ta haifa.

"An kore shi ko?"

"An kore shi, Umma."

Na ba ta labarin duka, ban rage komai ba. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana kallon yaran nan biyu suna jan wata motar gwangwani a ƙasa. Sannan ta matso ta kama hannuna.

"To ai na ji ya iya cire ƙusa. Mijinki ba ya neman ma'aikata a wajen gininsa?"

"Umma! Bene yake ginawa. Mutane za su hau."

"Ki ce a fara ba shi na ƙasa."

Na buɗe baki. Maganganu sun cika shi fal, kowace na neman ta riga fita. Sai ta ƙara riƙe hannuna, idonta na kan jikokinta.

Na ce, "To, Umma."